Tambaya da Amsa: Yawan Gidaje, Rabon Filaye da Makamashin da Birane Ke Ci

Wasiƙun da muka zaɓo a wannan fitowa duk sun ta'allaƙa ne a kan batu guda, wato yadda tsarin zaman gidaje da rabon filaye a birni ke shafar yawan man fetur da wutar lantarkin da mazauna ke amfani da su. Mun taƙaita wasu daga cikin tambayoyin saboda ƙarancin fili, amma mun bar ma'anarsu yadda masu su suka nufa.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne, kuma a wani darasi an gaya mana cewa birnin da gidajensa ke kusa da juna bai kai birnin da gidajensa suka warwatsu cin makamashi ba. Abin ya ɗaure mini kai, domin a ganina mutum zai kunna fitilarsa ya yi girkinsa ko a ina gidansa yake. Mene ne haɗin nisan da ke tsakanin gidaje da wutar lantarki ko man fetur?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da aka gaya muku yana da tushe, kuma babbar ƙofar da makamashi ke zurarewa a birnin da ya warwatsu ita ce zirga-zirgar yau da kullum. Idan aka yanka fuloti manya-manya, kowane gida ya zauna shi kaɗai a tsakiyar filinsa, to jama'ar da za ta iya zama a wurin da mutum zai ratsa a ƙafa cikin minti goma sai ta bazu a kan kilomitoci masu yawa, makaranta da asibiti da kasuwa da wurin aiki duk su yi wa mutane nisa. Daga nan ƙafa ta daina isa, keke ya zama wahala, motar bas kuma ba ta samun fasinjan da zai riƙe ta, domin gidajen da ke kusa da kowace tasha ba su taka kara sun karya ba. Abin da ya rage shi ne kowane gida ya nemi abin hawansa, ya kuma ƙona mai a kan kowace ƙaramar buƙata.

A shekarar 1989 wasu masana biyu daga Ostireliya, Peter Newman da Jeffrey Kenworthy, sun fitar da sakamakon kwatanta manyan birane 32 na duniya, inda suka ɗora yawan jama'a a kowace hekta a kan yawan fetur ɗin da mutum guda ke ƙonawa a shekara. Biranen Amurka masu faɗi, irin su Houston, su ne suka fi kowa shan mai, biranen Turai suka zo a tsakiya, sannan biranen Asiya masu cikowa, musamman Hong Kong, suka zo can ƙasa. Wani masanin tsara birane, Alain Bertaud, ya kawo misalin da ya fi wannan fitowa fili. A wajen shekarar 1990 birnin Atlanta na Amurka yana da mutum kimanin miliyan 2.5, Basalona ta Sifaniya kuma tana da kimanin miliyan 2.8, amma gine-ginen Atlanta sun mamaye murabba'in kilomita 4,280, ita kuwa Basalona 162 kacal. Jama'a kusan ɗaya, fili kuwa ninki ashirin da shida. Layin jirgin ƙarƙashin ƙasa da zai wadatar da mafi yawan mutanen Basalona, idan aka shimfiɗa mai tsawonsa a Atlanta, 'yan tsiraru ne kawai za su iya takawa zuwa tasharsa.

Sai kuma jikin ginin kansa. Zafi da sanyi suna shiga gida ne su fita ta bango da rufi da tagogi. Gidan da ke tsaye shi kaɗai yana da bango huɗu da rufi waɗanda rana ke duka ko sanyi ke ratsawa, gidan da ke manne da maƙwabtansa dama da hagu saura bango biyu da rufi, sashen da ke tsakiyar bene kuwa sau da yawa fuska ɗaya ko biyu kawai yake nuna wa waje. Gwargwadon ƙarancin fuskar da ke waje, gwargwadon ƙarancin wutar da ake buƙata don ɗumama ɗaki ko sanyaya shi. Ƙari a kan haka, gidajen da ke kan manyan fuloti galibi sun fi girma, kuma kowane ɗaki na ƙari yana da fitilarsa da fankarsa. Ƙididdigar da hukumar tattara bayanan makamashi ta Amurka ke yi a kan gidajen ƙasar ta nuna cewa iyalin da ke zaune a sashe cikin babban bene, a matsakaici, ba sa cin rabin makamashin da iyalin da ke gida mai zaman kansa ke ci. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne idan aka tuna cewa gine-gine suna cin kusan kashi 30 cikin ɗari na makamashin da duniya ke amfani da shi.

Akwai kuma makamashin da mai gida ba ya gani a takardar kuɗin wutarsa. Kowane mita na titi da bututun ruwa da magudanar ruwa da wayar lantarki sai an ƙera shi, an shimfiɗa shi, an kuma ci gaba da gyara shi, kuma idan gidaje ɗari suka jeru a kan kilomita biyar maimakon rabin kilomita, duk waɗannan sun ninka sau goma. Injinan tura ruwa za su ƙara aiki, fitilun titi su ƙaru, motar kwashe shara ta ƙara nisan zango. Siminti kaɗai yana da alhakin kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na iskar kabon mai ɗumama duniya da ɗan Adam ke fitarwa.

Sai dai ina so ka riƙe wani abu da ba a cika faɗa a darasi ba. An soki binciken 1989 ɗin nan da cewa bai ba farashin mai da arzikin mazauna haƙƙinsu ba, kuma sukar tana da ƙamshin gaskiya, domin inda mai ke da arha mutane sun fi tuƙi ko yaya tsarin birninsu yake. Wani rahoto da majalisar bincike ta ƙasar Amurka ta fitar a 2009 ya ƙiyasta cewa ninka yawan gidaje a fili sau biyu zai rage tafiyar mota da kashi 5 zuwa 12 cikin ɗari ne kawai, amma idan aka haɗa shi da kusanto da wuraren aiki, da cuɗanya gidaje da shaguna, da ingantaccen sufurin jama'a, ragin zai iya kaiwa kashi 25. Los Angeles shaida ce a kan haka: yankinta yana cikin mafi cikowa a Amurka, amma har yanzu mota ce ke mulki, saboda an raba inda ake kwana da inda ake aiki. A ra'ayina abin da ya fi muhimmanci shi ne nisan da ke tsakanin ƙofar gidan mutum da buƙatunsa na kullum, kuma yawan gidaje hanya ce ta rage wannan nisa.

Tambaya: Malam, ni uwa ce, kuma na yi shekaru a unguwa mai cunkoso inda babu iska, dare ya yi zafi ya hana barci, yara ba su da wurin wasa, ciwo kuma ya kama ɗaya sai ya zagaye kowa. Da muka koma gefen gari muka sami sarari da iska. Yanzu masana suna so su ce mana zaman cunkoso ne daidai?

Amsa: Hajiya, wahalar da kika bayyana gaskiya ce, kuma duk mai kiran a ƙara yawan gidaje ba tare da ya kalli wannan wahala da idon basira ba, bai yi wa jama'a adalci ba. Amma abubuwa biyu ne aka saba haɗawa alhali kowanne da nasa ma'auni. Na farko shi ne yawan mutanen da ke kwana a ɗaki guda, kuma hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da matsugunan jama'a tana ɗaukar gida a matsayin wanda ya cika fiye da kima idan fiye da mutum uku ke raba ɗaki ɗaya. Wannan shi ne ke yaɗa cututtuka ya kuma hana sukuni, kuma tushensa talauci ne da ƙarancin gidaje. Na biyu shi ne yawan gidajen da ke kan hekta guda ta ƙasa. Ana iya samun unguwa mai gidaje ƙasa-ƙasa, babu bene ko ɗaya, an cinye kowane taƙi da gini, babu titi babu bishiya, ɗakuna kuma a cushe. Ana kuma iya zaunar da wannan adadin na mutane a kan wannan filin cikin benaye masu hawa huɗu ko biyar, kowane iyali da wadatattun ɗakuna, sannan rabin filin ya saura don tituna da bishiyoyi da wurin wasan yara. Birnin Faris yana da mutum kusan dubu 20 a kowane murabba'in kilomita, mafi yawan gidajensa kuma hawa shida ne ko bakwai, kuma ba a rasa lambuna da faffaɗan tituna a cikinsa ba.

Game da zafi kuwa, kin taɓo inda maganar masu goyon bayan cikowa take da rauni. Tun farkon ƙarni na 19 wani Bature mai suna Luke Howard ya auna ya gano cewa tsakiyar Landan ya fi karkarar da ke kewaye da shi ɗumi, musamman da dare. Dalili shi ne kwalta da kankare da rufi masu duhun launi suna shan zafin rana da yini su riƙa sakinsa bayan faɗuwarta, bishiyoyin da za su sanyaya iska sun yi ƙaranci, dogayen gine-gine suna tare iska, injinan motoci kuma suna ƙara nasu. A ƙasashe masu sanyi wannan ɗumi yana ɗan rage wutar da ake ɗumama gida da ita, amma a ƙasashe masu zafi yana tura mutane ga na'urar sanyaya ɗaki, ita kuma na'urar ba ta kashe zafi, kwashe shi take yi daga ɗaki ta zubar a titi, maƙwabci ya ƙara jin jiki shi ma ya nemi tasa. Hukumar makamashi ta duniya ta bayyana a 2018 cewa na'urorin sanyaya ɗaki da fankoki suna cin kusan kashi 10 cikin ɗari na wutar lantarkin duniya, kuma ta yi hasashen cewa adadin na'urorin zai tashi daga biliyan 1.6 zuwa biliyan 5.6 nan da 2050. Don haka unguwar da aka cika ta da gini ba tare da tunanin iska da inuwa ba za ta iya mayar da abin da ta tsima a wajen mai ta hanyar wutar sanyaya ɗaki.

Maganin yana cikin yadda aka yi ginin. Tsofaffin biranen yankuna masu zafi, irin su Shibam ta Yaman mai dogayen gidajen ƙasa, sun matso da gine-ginensu kusa da juna ne da gangan domin kowane gida ya yi wa na kusa da shi inuwa, lunguna kuma su wuni cikin sanyi. A Singafo, inda kusan kashi 80 cikin ɗari na mazauna ke zaune a benayen da hukumar gidaje ta ƙasar ta gina, an saba barin hawan ƙasa a buɗe don iska ta ratsa, mutane kuma su sami wurin zama. Birnin Ahmedabad na Indiya, bayan mummunan zafin da ya hallaka mutane a 2010, ya fito da shirin tunkarar zafi a 2013, daga baya kuma ya ƙarfafa shafa wa rufi farin fenti domin ya mayar da hasken rana. Tagogi a fuskoki biyu masu kallon juna, da baranda mai kare bango daga rana, da jeren bishiyoyi a bakin titi, duk ba su fi ƙarfin mai tsara unguwa ba. Ina kuma tunatar da ke cewa sararin gefen gari ba ya daɗewa, domin idan kowa ya bi sahu, bishiyoyi da gonakin da ke kawo iskar su ne ake sharewa a yi fuloti.

Tambaya: Ni magini ne. Idan kusancin gidaje alheri ne, ashe ke nan mafita ita ce a riƙa gina benaye masu hawa talatin ko arba'in?

Amsa: A'a, Malam, kuma na ji daɗin zuwan tambayar daga mai sana'a, domin kai ka fi kowa sanin cewa gini yana ƙara tsawo, ginshiƙansa da harsashinsa suna ƙara cin rodi da siminti fiye da yadda hawa ke ƙaruwa, saboda nauyi da kuma ƙarfin iskar da ke bugun sama. Bayan an tare a ciki kuma, dogon bene ba ya rayuwa sai da wuta: na'urar hawa da sauka da mutane tana aiki dare da rana, ruwa sai an tura shi sama da inji, dogayen lungunan ciki ba sa ganin hasken rana, a saman hawa kuma sau da yawa ba a buɗe taga. Idan aka lulluɓe ginin da gilashi a ƙasa mai zafi, to an ɗaura masa na'urar sanyaya ɗaki har iyakar rayuwarsa. Wani bincike da masana na jami'ar UCL ta Landan suka yi a kan gine-ginen ofisoshi a Birtaniya, wanda aka bayyana a 2017, ya gano cewa masu hawa ashirin zuwa sama suna cin wutar lantarki fiye da ninki biyu a kowane murabba'in mita idan aka kwatanta su da masu hawa shida zuwa ƙasa.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne tsawo ba shi ne yake kawo yawan mazauna ba a kowane hali. Dogon bene yana buƙatar a bar masa sarari mai faɗi a kewaye saboda haske da wurin ajiye motoci, har ta kai jeren benaye masu matsakaicin tsawo da ke kewaye da tsakar gida kan ɗauki adadin mutanen da dogon benen zai ɗauka a kan fili ɗaya. Unguwar Eixample ta Basalona, wadda Ildefons Cerdà ya tsara a 1859, tana cikin wurare mafi cikowa a Turai, kuma da irin waɗannan benaye aka gina ta. Dogayen benaye suna da muhallinsu a inda ƙasa ta yi matuƙar ƙaranci, kamar Hong Kong, ko a kan babbar tashar jirgin ƙasa. Ga mafi yawan birane kuwa, ni dai na fi gamsuwa da hawa uku zuwa shida, domin mai lafiya zai iya hawa da ƙafarsa idan wuta ta ɗauke, ƙananan magina za su iya ɗaukar aikin, kuma ana iya sanyaya ɗakuna da iskar Allah.

Matsakaicin cikowa yana buɗe wata ƙofar kuma. Inda gidaje suke kusa, ana iya ɗumama su ko sanyaya su daga cibiya ɗaya ta bututun ƙarƙashin ƙasa, har a yi amfani da zafin da tashar wutar lantarki ko masana'anta za ta zubar a banza. Kusan kashi biyu cikin uku na gidajen Denmark ta haka ake ɗumama su, abin da ba zai biya kuɗinsa ba a unguwar da gidajenta suka warwatsu.

Tambaya: Malam, ni direba ne. Man da muke ƙonawa a tsaye cikin cunkoson motoci ya fi wanda muke ƙonawa a tafiya ciwo. Me zai hana a faɗaɗa tituna kawai a huta?

Amsa: Gaskiya ne mota a tsaye da inji a kunne asara ce tsagwaronta, kuma akwai mahaɗar hanyoyi da gadoji waɗanda gyaransu ya zama dole. Amma faɗaɗa titi a matsayin babbar manufa an jarraba shi an ga ƙarshensa. Sabon titi yana sauƙaƙa tafiya na ɗan lokaci, sauƙin ya sa masu filaye su buɗe sababbin unguwanni can gaba, waɗanda da suke hawa bas su koma motar kansu, bayan 'yan shekaru titin ya sake cika, kuma yanzu kowa tafiyarsa ta fi ta da nisa. A Houston an kammala faɗaɗa babbar hanyar Katy a 2008 har ta zama ɗaya daga cikin mafi faɗi a duniya, amma ba a jima ba lokacin tafiya a sa'o'in zuwa aiki da tashi ya sake ƙaruwa. Seoul ta Koriya ta Kudu kuwa ta rushe wata babbar hanyar sama a tsakiyar birni tsakanin 2003 da 2005, ta dawo da rafin Cheonggyecheon da aka binne a ƙarƙashinta, ta kuma gyara tsarin motocin bas, kuma tsaikon da aka yi fargaba bai auku ba. Layi ɗaya da aka keɓe wa manyan motocin bas yana ɗaukar mutane ninkin abin da layin ƙananan motoci ke ɗauka sau da yawa, kuma kai da aikinka ya tilasta maka tuƙi ka fi kowa cin ribar raguwar waɗanda suke da zaɓi.

Tambaya: Ni ina ganin wannan muhawara ta kusa zama tarihi. Da motoci masu amfani da lantarki da farantan hasken rana a kan rufi, kowa zai iya zama inda yake so ba tare da ya cutar da muhalli ba. Ko ba haka ba?

Amsa: Rabin maganarki haka take, 'yar'uwa. Motar lantarki tana mayar da fiye da kashi uku cikin huɗu na wutar da ta sha zuwa tafiya, alhali motar fetur ba ta kai kashi ɗaya cikin uku ba, saura duk zafi ne da ke tashi a banza. Haka kuma gida mai zaman kansa ya fi bene faɗin rufi ga kowane mazauni, don haka ya fi shi damar samar wa kansa wuta daga rana, kuma wannan fifiko ne na gaske da bai kamata a ɓoye shi ba.

To amma motar lantarki tana nan da nauyinta na tan ɗaya da rabi ko biyu don ɗaukar mutum guda, batirinta sai an haƙo ma'adinai an sarrafa su da makamashi mai yawa, kuma tana buƙatar titi da wurin ajiya daidai da motar fetur. Mota tana shafe kusan kashi 95 cikin ɗari na rayuwarta a ajiye, kuma gurbin ajiye mota guda, idan aka haɗa da hanyar shiga da fita, yana cin murabba'in mita 25 zuwa 30, wato faɗin ɗakuna biyu. Wutar rana kuwa ba dole sai daga rufin mai amfani da ita za ta fito ba, ana iya girka farantai a fili can wajen gari a jawo ta da waya, kuma jawo wuta daga nesa ya fi jigilar mutane daga nesa safe da yamma sauƙi nesa ba kusa ba. Kada kuma mu manta da yara da tsofaffi da marasa halin sayen mota, waɗanda a duniya su ne mafi rinjaye, kuma birnin da ya warwatsu yana tsare su a gida ko da wace irin mota ake yayi.

Tambaya: Idan al'amarin a fili yake haka, me ya sa birane ke ci gaba da bazuwa, kuma wa ke da alhakin gyarawa?

Amsa: Wani ɓangare na bazuwar son mutane ne, domin kowa yana son sarari, ƙasa kuma ta fi arha a gefen gari. Amma babban ɓangare doka ce ta haifar da shi. A Amurka, tun bayan da kotun ƙoli ta halatta wa ƙananan hukumomi rarraba filaye gwargwadon amfaninsu a shari'ar garin Euclid a 1926, birane da yawa suka keɓe mafi yawan filayen zama ga gida ɗaya na iyali ɗaya, suka hana shago ko ofis a cikin unguwa, suka ƙayyade mafi ƙarancin girman fuloti, suka kuma wajabta wa kowane sabon gini adadin guraben ajiye motoci. Dokar manyan hanyoyin tarayya ta 1956 ta zo ta shimfiɗa titunan da suka kai mutane can nesa. Irin waɗannan ƙa'idoji sun yaɗu zuwa ƙasashe da dama, har ta kai mai son ya gina gidaje huɗu a fulotinsa, ko ya yi shago a ƙasa da gida a sama, doka ce ke hana shi ko da masu buƙata suna nan birjik. A ƙasashe masu tasowa kuma sau da yawa rashin tsari ne ke yin wannan aiki: ana yanka gonaki ana sayarwa tun kafin a fitar da titi, talaka ya tafi inda ƙarfinsa ya kai, sannan kuɗin mota ya riƙa cinye abin da ya tsima a kuɗin haya.

Biranen da suka yi nasara sun haɗa tsarin filaye da tsarin sufuri ne a takarda ɗaya. Kopenhagen, babban birnin Denmark, ta fitar da taswira a 1947 wadda ta sa birnin ya miƙe kamar yatsun hannu a kan layukan jirgin ƙasa, aka bar korayen filaye a tsakaninsu. Kuritiba ta Brazil, a zamanin magajin gari Jaime Lerner, ta fara keɓe wa motocin bas layinsu a 1974, ta kuma ba da izinin gina benaye masu tsawo a gefen waɗannan layuka kawai, tsawon yana raguwa gwargwadon nisa daga titin, sannan Bogota ta Kolombiya ta bi sahu a 2000. Ko a Amurka an fara juyowa, domin Minneapolis ta amince a 2018 da shirin da ya ba da damar gina gidaje har uku a fulotin da a da gida ɗaya kawai aka yarda, jihar Oregon kuma ta yi doka mai kama da haka a 2019. Shata wa birni iyaka, kamar koren zoben da ke kewaye da Landan, yana kare gonaki, amma idan ba a ba da damar ƙara gidaje a ciki ba sai haya ta yi tsada, mutane su tsallake zoben su zauna can gaba, tafiyarsu ta ƙara tsawo.

Abin da ke sa nake ɗaukar batun da zafi shi ne lokaci. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2018 cewa kashi 55 cikin ɗari na mutanen duniya a birane suke, kuma za su kai kashi 68 nan da 2050, mafi yawan ƙarin kuma a Asiya da Afirka zai kasance. Mota tana tsufa a sauya ta cikin shekara goma sha biyar ko ashirin, gini yakan kai hamsin ko ɗari, amma layin titi da iyakar fuloti, da zarar an shata su an raba takardun mallaka, sukan zauna ɗaruruwan shekaru. Tun ran gini tun ran zane, in ji masu iya magana. Hukumar matsugunan jama'a ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da shawara a 2014 cewa sabuwar unguwa ta tanadi aƙalla kashi 30 cikin ɗari na filinta don tituna, ta zaunar da aƙalla mutum dubu 15 a murabba'in kilomita, ta kuma ware kashi 40 cikin ɗari na faɗin gine-ginenta don sana'a da kasuwanci.

Alhakin farko yana wuyan hukumomin tsara birane da majalisun da ke yin dokokin filaye, amma mazauna suna da bakin magana duk lokacin da aka fitar da taswirar sabuwar unguwa ko aka kira taron jin ra'ayi. A irin wannan zama ya kamata a tambaya ko yaro zai iya takawa zuwa makaranta ba tare da ya tsallaka babban titi ba, ko an bar faɗin da layin bas zai bi nan gaba, ko doka ta yarda a yi shago a ƙasa da gida a sama, da kuma inda aka ware don bishiyoyi. A unguwannin da aka riga aka gina kuwa, aikin yana farawa ne daga filayen da ke zaune ba gini a tsakiyar gari, da tsofaffin masana'antu da aka rufe, da manyan wuraren ajiye motoci da ke kusa da tashoshi, domin a nan titi da ruwa da wuta sun riga sun iso.